Injin da Ya Ce Ni Ƙazama Ce

Ranar Litinin da safe na shigo asibiti da bokitina a hannu, na tarar ma'aikata sun yi cincirindo a gaban allon sanarwa. Suna ganina suka dare, kowa ya shiga kallon takalminsa. Nas ɗin da kullum sai ta rusuna ta ce "Inna, ina kwana" ta wuce ni fuu, kamar ta bar tukunya a kan wuta.

Ni ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta a goshin mutum ba zan gane ba. Amma ina da ido. Wata babbar takarda ce aka kafe, an ja layuka masu launi a kanta, kowane sashe da nasa. Guda ɗaya, ja wur, ya taho a can sama, ya taho, ya taho, sai ya rikito ƙasa kamar wanda aka tunkuɗo daga kan katanga. A bakin layin an manna ɗan hoton banɗaki, don kada jahila irina ta ce ba ta gane da ita ake ba.

Shekara goma sha tara ina wanke banɗakunan wannan asibiti. Na kwashe aman mai ciki, na kwashe jinin mai haɗari, na kwashe abin da ba ya faɗuwa. Ba a taɓa shiga wurina aka toshe hanci ba.

Shekara uku da suka wuce aka kawo mana wani manaja mai ɗaure wuya da igiya, ya ce sai an riƙa jin ra'ayin jama'a. Hanya uku ya ƙirƙiro. Akwai akwatin da ake jefa takarda. Akwai waya da ake bi marasa lafiya da ita bayan sun koma gida. Sai kuma inji, wanda aka girke a ƙofar kowane sashe: ƙarfe ne mai ƙafa ɗaya da faffaɗan gindi mai nauyin tsiya, tsayinsa ya kai ƙirji, a samansa fuska uku. Koriya tana dariya, rawaya ta yi shiru, ja ta murtuke. In ka fito sai ka danna wadda ta yi maka.

Manaja ya sa aka kira ni ofis. Bai ce in zauna ba.

"Inna, lamba ba ta ƙarya. Mako biyar a jere, cikin mutum goma, takwas ja suke danna miki."

"Su wane ne? Kira mini ɗaya."

"Jama'a ne."

"Jama'a ba su da baki? Me suka ce sun gani?"

Ya juya biro a yatsa, ya kalli agogo. "Ba ni na faɗa ba. Inji ne ya nuna wurinki ƙazami ne. Ki je gida ki huta. Ranar Alhamis Babbar Likita za ta zo ta sa hannu a takardarki."

Ƙazami. A gaban sakatariyarsa, yarinyar da na haifi wadda ta girme ta. Na ajiye masa bokitin a tsakiyar ofis na fita.

*

Ban nufi gida ba, wurin ƙanin marigayi mijina na nufa. Sunkuyau ake ce masa, don tun yana saurayi ba a taɓa ganin kansa a miƙe ba. Shekara talatin ya yi yana bin sawun shanun sata, daga wannan daji zuwa wancan. Da ɓarayi suka waye suka koma loda shanu a mota, sana'a ta mutu, ya dawo yana saƙar kujeru a ƙofar gida. Abin da ke nesa ba ya gani yanzu. Ƙasa kuwa, ko tururuwa ce ta yi tuntuɓe sai ya gaya maka da wace ƙafa.

Ko ɗagowa bai yi ba ya ce, "Matar Yaya, tafiyar nan ta faɗa ce. Wa ya taɓo ki, in je in yi masa jaje?"

"Tashi, malalaci. Inji ne ya zage ni."

Na zayyana masa komai. Yana ji yana jan zaren kujera.

"Kin tabbata wurin naki tsaf yake? Yaya dai ya sha cewa kin fi iya faɗa da shara."

"Yayanka da ko kofin da ya sha ruwa bai taɓa ɗaurayewa ba? Za ka zo ko sai na ja ka?"

Ya laluba sandarsa. "Gobe da safe. Amma da sharaɗi: ni zan riƙa tambaya, ke ki riƙe bakinki."

Na ce to. Shi ma ya san ƙarya nake.

*

Kafin mu isa ranar Talata, asibiti ya gama yanke hukunci. Kowa ya ja ni gefe sai ya raɗa mini suna ɗaya: Gajera. Ita ce abokiyar aikina mai share ɗakunan kwanciya, kuma duniya ta san ta daɗe tana so a ɗauki 'yar ƙanwarta aiki. Wai ita ke laɓaɓowa tana danna mini ja.

Muka same ta a bayan ɗakin wanki tana matse mofar goge ƙasa.

Na ce, "Ke, guntuwa, yatsan naki bai gaji ba?"

"Matar Yaya," in ji Sunkuyau.

Gajera ta yar da mofar ta riƙe ƙugu. "Ni? Ni zan yi miki danna ɗari uku? Inna, injin nan in kin danna sau ɗaya, sai ya yi mutuwar wucin gadi. Ko kin yi ta dukansa ba zai ƙirga ba sai an jima."

Sunkuyau ya ce, "Yaya aka yi kika sani, baiwar Allah?"

Ta yi tsuru-tsuru, ta kalli hagu da dama. "Na gwada a nawa. Kore na so in ƙara wa kaina. Rabin awa na tsaya kamar gunki, uku kacal ya karɓa."

Sunkuyau ya yi dariya har da tari. Muna barin wurin ya ce, "Ba ita ba ce. Mai yin wannan aiki sai ya tare a ƙofar banɗakinki wuni guda, kuma da kin gan shi."

"Da na gan shi da yanzu ana zaman makokinsa."

*

Wanda ke zana layukan nan wani siririn mutum ne, Mai Tabarau, a wani ɗaki mai sanyi kamar na ajiye gawa. Yana ganina ya miƙe har kujera ta faɗi.

"Inna, wallahi ni zane kawai nake yi. Amma na yi wani tunani. Ba ke kike goge injin ba? Wataƙila tsummanki ne yake danna jan, ba ki sani ba."

"Sau biyu nake goge shi a rana. Biyu ne ɗari uku a makarantarku? Iyayenka sun yi asarar kuɗin littafi."

Sunkuyau ya sa sanda a tsakaninmu. "Ɗana, an ce hanya uku kuke jin ra'ayin mutane. Na ga zane ɗaya a bango. Ina biyun?"

"Manaja ya ce na inji kaɗai za a kafe. Ya ce shi ya fi yawan mutane."

"Fito mini da su duka. A'a, ba a tebur ba. Ni ba na iya gani a tebur. Shimfiɗa mini a ƙasa."

Mai Tabarau ya jera takardu uku a kan tayil. Sunkuyau ya tsuguna a kansu kamar ya sami kashin saniya a bakin rafi.

"Wannan na mene ne?"

"Na akwati."

"Ina matar Yaya a ciki?"

Mai Tabarau ya nuna wani jan layi a can sama, miƙe sambal daga farko har ƙarshe.

"Wannan fa?"

"Na waya. Nan ma ga ta a sama."

Na ce, "Au! Ashe shaidu biyu sun wanke ni, kuka ɓoye su a aljihun tebur, kuka kafe maƙaryacin?"

"Inna, ni umarni..."

"Rufe mini baki, umarni."

Sunkuyau ya koma kan takardar inji. Ya ɗora bakin sandarsa a inda jan layina ya rikito, ya ja ta sama a hankali. Daidai wurin, wani shuɗin layi da ya daɗe yana jan ciki a ƙasa ya yi tsalle ya haye sama. Sun gitta juna kamar almakashi.

"Shuɗin nan na wa?"

"Ɗakin kati."

"A takardar akwati, ina ɗakin kati?"

"A ƙasa."

"A ta waya?"

Mai Tabarau ya cire tabarau ya goge. "A ƙasa."

"To, ɗana. Na bi garke da yawa. Ban taɓa ganin saniya mai ƙiba ta rame, ramammiya ta yi ƙiba, duk a rana ɗaya ba. In na ga haka, na san ba shanun ne suka sauya ba, wani ne ya sauya musu shaida. Gaya mini, kwamfutarka ta san inda kowane inji yake tsaye?"

"A'a. Lambarsa kawai ta sani. An gaya mata lamba huɗu banɗaki, lamba ɗaya ɗakin kati."

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Mako biyar yana kallon takardun nan a tebur, da digirinsa da tabaransa.

*

Ranar Laraba Sunkuyau ya ce kati zai yanka, bayansa na ciwo. Ya shiga layi tun ƙarfe takwas.

Ɗakin kati wuri ne da in ka shiga da zazzaɓi sai ka fito da hawan jini. Benci shida, taga ɗaya, a bayan tagar kuma Mai Farce, wata mata da farcenta ya fi na shaho, kowane da kalarsa. Da can da hannu take neman kati, kuma ko ba fara'a layi yana tafiya. Bara Manaja ya kawo mata kwamfuta. Tun daga ranar, in ta mutu sau uku kafin azahar an yi sa'a.

Ni dai na riga na gama shari'a a raina. Wa ya ci riba? Ita. Na ratsa layin na leƙa tagar.

"Ta ɗaya a asibiti, sannu da ƙoƙari. Yaushe kika koyi dariya ban sani ba?"

Ta ɗago ido a gajiye. "Inna, don Allah ki bar ni da abin da ke damuna. Ni ma da na ga takardar sai da na ce ko wani ɗakin katin aka buɗe. Jiya wani tsoho ya tsine mini har jikokina, ni da ko ɗa ban haifa ba. Wai ni ce kore."

"Ba ke kika sauya injin ba?"

"Wane inji? Wancan ƙarfen?" Ta baza mini yatsunta goma. "Dubi nan. Ko murfin kwalba sai na nemi mai buɗe mini."

Ina shirin ba ta amsa na ji Sunkuyau daga bakin ƙofa. Ya yar da hularsa da gangan a gindin injin, ya tsuguna ɗauka, bai tashi ba.

"Matar Yaya, zo ki gaisa da ɗanki."

Na je na duƙa. Gindin injin, wanda ya kamata ya zama baƙi, ya yi fari fat tsawon yatsu huɗu daga ƙasa, fentin ya zagwanye, an ga ƙarfe. Na san wannan farin. Bilic ɗina ne, maganin wanke banɗaki. Shekara uku ina zuba shi a ƙofar banɗaki safe da yamma, yana lasar gindin. A ɗakin kati kuwa ba a zuba bilic, Gajera ruwa kawai take yayyafa musu ta wuce. Na miƙe na kalli fuskokin. Koriyar ta koɗe, dariyarta ta kusa gogewa saboda yatsun mutane. Injina ne. Nan aka kawo shi yana shan zagin da ba nasa ba, yana kai mini gida.

Muka je ƙofar banɗakina. Wanda ke can gindinsa baƙi, sai 'yar farar lasa ta kwanan nan. Jar fuskarsa ta sha danna har ta lotsa.

Sunkuyau ya ce, "Mako biyar kina goge wannan ba ki ga ba naki ba ne?"

Zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Na gani. Na ɗauka fenti aka yi masa. Har na ce a raina yau dai Manaja ya yi abin kai.

*

Tsakanin banɗaki da ɗakin kati akwai dogon baranda, taku arba'in. Sunkuyau ya bi shi a sunkuye, mutane suna kauce masa, wasu na cewa tsohon ya yar da allura. Can ya kira ni ya nuna mini da sanda. Ƙananan ƙarce ne a jikin tayil, kamar jinjirin wata, ɗaya hagu, ɗaya dama, ɗaya hagu. Na sha bi ta kansu da mofa ina tsine wa masu jan gado.

"Ba ɗauka ya yi ba, tafiya ya yi da injin, gefe-gefe. Ga inda ya huta. Ga wani. Duk taku goma sai ya tsaya. Sawu biyu ne, zuwa da dawowa. Mutum ɗaya ne, kuma bai taɓa dako ba."

"Ta yaya ka sani?"

Ya nuna lungu, inda kekunan marasa lafiya uku suke jingine. "Da maigadi ne ko mai shara, da ya kwantar da shi a keke ya tura, minti biyu an gama. Wannan bai ma san amfanin keke ba. Kuma ya sami wurin ba kowa, ya daɗe yana fama. Yaushe barandan nan yake zama ba mutum?"

"Da rana? Ba ya zama. Da yamma kuma Maigadi ya kulle sashen ya rataya makulli a wuya."

Muka koma wurin Mai Tabarau. Yanzu abin ya fara yi masa daɗi. Ya ce in aka zare inji daga wuta, layinsa yakan yanke. Ya daddanna, ya fito da wata takarda, ya shimfiɗa ta a ƙasa da kansa ba a ce masa ba. Layi biyu, kowane da giɓi a wuri ɗaya.

"Asabar, mako biyar da suka wuce. Daga sha biyu da minti goma zuwa ɗaya saura minti goma."

Na san Asabar ɗin. Na buɗe baki, Sunkuyau ya ɗaga sanda.

"Riƙe shi zuwa gobe. Sau ɗaya a rayuwarki, matar Yaya."

Na riƙe. Ban taɓa ɗaukar kaya mai nauyin wannan ba.

*

Babbar Likita ita ta gina asibitin, ita ta ɗauke ni aiki lokacin yana ɗaki huɗu. Yanzu ta tsufa, sai ranar Alhamis take leƙowa ta sa hannu a abin da aka tura mata. Na tare ta tun a bakin mota. Na ce kafin ta taɓa biro sai ta tara mini mutum biyar. Ta kalle ni ta saman gilashi, ta san halina, ta ce a kira su.

Aka hallara a ofishinta: Manaja, Mai Tabarau, Mai Farce, Gajera, Maigadi. Manaja ya kalli Sunkuyau sama da ƙasa.

"Wannan kuma daga ina? Ranki ya daɗe, wannan maganar ma'aikata ce."

"Mara lafiya ne ni," in ji Sunkuyau. "Jiya na yanki kati. Awa huɗu. Na danna ja, ashe matar yayana na danna wa."

Mai Tabarau ya shimfiɗa takardun a ƙasa. Babbar Likita ta taso da ƙyar ta tsaya a kansu. Sunkuyau ya nuna mata inda akwati da waya suka ce abu ɗaya, inji ya ce wani. Ya nuna mata almakashin. Sannan ya ce ta daure ta taka zuwa ɗakin kati. Duk muka bi ta. Ta ga farin gindin, ta ga ƙarcen baranda, muka dawo ofis ta dube mu.

"Wa ya yi?"

Sunkuyau ya tura mata takardar giɓin da sanda. "Ni baƙo ne, ranki ya daɗe. A tambaye su inda kowa yake a wannan lokaci."

Gajera ce ta fara. "Asabar ɗin nan? Ai ranar koyon murmushi ce! An sallami marasa lafiya da ƙarfe sha biyu, aka kora mu ɗakin taro na sama, aka kunna mana fim, wasu mutane suna ta washe baki."

Mai Farce ta ce, "Ina layin gaba. Ni aka ce na fi kowa buƙata."

Mai Tabarau ya ce shi ya riƙe na'urar fim ɗin daga farko har ƙarshe.

Maigadi ya ce, "Har ni, ranki ya daɗe. Aka ce in tura ƙofar waje in hau. Na ce maigadi da murmushi ina haɗinsu, aka ce umarni ne."

Na ce, "Ni kuwa ina tsakiyar aiki aka aiko sau biyu. Na zuba bilic ban ko ɗauraye ba na hau. Mu talatin da wani abu, an ƙirga mu kamar awaki. Mutum ɗaya ne ya kunna mana fim ya fice."

Ba wanda ya kalli Manaja. Kowa ya kalli bango kusa da shi.

Ya gyara igiyar wuyansa. "Waya na fita amsawa."

"Ta minti arba'in?" in ji Babbar Likita.

"Muhimmiya ce."

Sai Mai Farce ta tafa hannu, farce suka yi ƙara. "Wayyo! Shi ya sa! Ranki ya daɗe, da ya dawo kusa da ni ya zauna, jiƙe sharkaf da gumi, yana warin banɗakin Inna. Bilic har cikin idona, na yi ta atishawa, ya harare ni wai ina hana mutane ji. Bakin wandonsa duk ya yi ɗige-ɗigen fari. Na ce a raina yau kuma Manaja wanki ya yi?"

Manaja ya juya wurin Babbar Likita.

"Na ɗan lokaci ne. Ranki ya daɗe, ni na matsa aka kawo kwamfutar katin. Da kin ga jan nan wata shida a jere, da kin ce... Na yi niyyar mayarwa da zarar an gyara ta."

"Me ya sa ka zaɓi na Inna?" in ji Babbar Likita.

Ya sunkuyar da kai. "Nata ya fi na kowa kore."

Na ce, "Maimaita. Ban ji ba, kunnen jahila ne."

Na matso gabansa na ci gaba.

"Wato ka duba asibitin nan kaf, ka ga ba wanda ya kai ni, sai ka sace mini. Bai ishe ka ba, ka ɗora mini kashinka, ka kafe ni a bango, ka kira ni ƙazama a gaban sa'ar 'yar cikina. Ka ce tsohuwa ce, ba ta karatu, za ta yi kuka ta tafi. Da an sa hannu yau fa? Wa za ka liƙa wa wata mai zuwa? Gajera?"

Gajera ta dafe ƙirji.

Babbar Likita ta yayyaga takardar korar gida biyu. "Inna, ki yi haƙuri. Ki koma bakin aikinki yau. Shi kuma ni da shi ne. Maganar nan ta tsaya a ɗakin nan, kada ta fita."

"Ba ta tsaya ba, ranki ya daɗe."

"Me kuma kike so?"

"A ɗaki aka wanke ni, a bainar jama'a aka ɓata ni. Injina nake so a ƙofata. Wanda ya kai shi can, shi zai dawo da shi. Yanzu, ba Asabar ba."

"Inna, mutane sun cika baranda."

"Shi ya sa na ce yanzu."

Ta juya wurin Manaja. "Ka ji."

*

Ƙarfe sha ɗaya na safe, lokacin da layin kati ya kai har waje, Manaja ya cire kwat ya ba sakatariyarsa. Ya rungumi injin ƙofar banɗakina, na ɗakin kati na asali, ya fara tafiya da shi. Hagu, dama, hagu. Maigadi ya tausaya ya turo masa keke, na ce mayar, bai saba ba. Taku goma ya tsaya yana haki, daidai inda ya tsaya wancan karon, har Sunkuyau ya gyaɗa kai kamar an biya shi.

Mutane suka buɗa masa hanya suna tambayar juna lafiya. Gajera ba ta bar kowa cikin duhu ba. Nas-nas suka fito ƙofa-ƙofa. Ni ina biye da shi da mofa, ina goge gumin da yake ɗigarwa, don ba na son ƙazanta a barandana.

Ya kai, ya dawo da nawa, rigarsa ta manne da baya. Na nuna masa daidai inda zai ajiye, na sa ya matsa da shi yatsa biyu zuwa hagu. Sannan ya koma ɗakin kati ya durƙusa ya soka wa nasu wuta.

Wani dattijo da ke bencin gaba tun sassafe, da ƙafa a kumbure, ya dafa sanda ya miƙe.

"Ɗana, abin nan yana aiki yanzu?"

Manaja, yana durƙushe, ya ce, "Yana yi, Baba."

"Kuma in na danna, wurin mai shi zai je?"

Ni na amsa masa. "Har ofis, Baba."

Ya ce madalla. Ya miƙa yatsa ta saman kan Manaja ya danna ja, ya tsaya jira injin ya farfaɗo. A bayansa mutane suka fara tashi daga benci suna jera sabon layi.